Kevin Macdonald: Daraktan da ke Kai-komo Tsakanin Shaida da Ƙage

Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli fim ɗin Idi Amin, wanda Forest Whitaker ya fito a matsayin shugaban Yuganda, ba za su iya kawo sunan wanda ya ba da umarninsa ba. Sunansa Kevin Macdonald, mutumin Sikotlan, an haife shi a birnin Glasgow a watan Oktoban 1967. A harkar fim ta Turai da Amurka yawanci mutum gida ɗaya yake zaɓa: ko ya zama mai fim ɗin gaskiya, wato wanda ake haɗawa da hirar mutanen da abin ya faru da su da tsofaffin hotunan ajiya, ko kuma ya zama mai fim ɗin wasa, inda ake rubuta labari a ɗauko jarumai su kwaikwaya. Macdonald ya ƙi zaɓa. Sama da shekara 25 ke nan yana shiga nan ya fita can, kuma ya ci manyan kyaututtuka a gidajen biyu.

Ni a ganina aikinsa duka a kan abu ɗaya ya rataya, wato shaida: mutumin da ya ga abu da idonsa, ya zauna gaban kyamara ya faɗa. Duk inda Macdonald ya sami irin wannan mutum, fim ɗinsa yakan tashi da rai. Inda bai samu ba, sai ya ƙirƙiro shi, kuma daga nan ne ake fara samun matsala.

Harkar fim gado ya yi. Kakansa na wajen uwa shi ne Emeric Pressburger, Bayahude ɗan ƙasar Hungari, wanda ya yi aikin rubuta fim a Balin, ya tsere lokacin da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, ya bi ta Faransa ya ƙare a Landan. A can ya haɗu da darakta Michael Powell suka yi finafinan da har yau Birtaniya ke tinƙaho da su, irin su Black Narcissus na 1947 da The Red Shoes na 1948. Mahaifiyar Pressburger ba ta tsira ba, a sansanin Auschwitz ta mutu. Yayan Kevin kuwa, Andrew Macdonald, furodusa ne, shi ya shirya Trainspotting a 1996. Amma shi Kevin ba ta ƙofar jarumai da fitilu ya shigo ba. Bayan ya gama karatu a Oxford, littafi ya fara rubutawa a kan rayuwar kakan nasa, aka buga a 1994, sannan ya mai da shi fim ɗin talabijin a shekarar da ta biyo. A 1996 shi da Mark Cousins suka tattara rubuce-rubucen magabata a kan fim ɗin gaskiya suka fitar da littafi guda. Wato kafin ya yi suna ya riga ya san muhawarar da ake yi a wannan fanni tun zamanin John Grierson, wani ɗan Sikotlan ɗin da ake ɗauka a matsayin uban fim ɗin gaskiya a Birtaniya, wanda tun da daɗewa ya yarda cewa mai wannan sana'a ba ya tsayawa ga ɗaukar abin da ya gani kawai, sarrafa shi yake yi.

Fim ɗin da ya fito da shi duniya shi ne One Day in September na 1999. Labarin abin da ya faru ne a gasar Olamfik ta birnin Munich ranar 5 ga Satumban 1972, lokacin da mutum takwas na ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka shiga masaukin 'yan wasan Isra'ila, suka kashe biyu nan take, suka yi garkuwa da tara. A daren ranar, a filin jirgin soja na Fürstenfeldbruck, yunƙurin ceton da 'yan sandan Jamus ta Yamma suka shirya ya wargaje. Mutum taran duka suka mutu, da ɗan sanda ɗaya, da biyar daga cikin maharan. An kama uku da rai, amma kafin ƙarshen Oktoba aka sake su bayan an yi fashin wani jirgin Lufthansa.

A wancan lokacin fim ɗin gaskiya na talabijin yana da kamanninsa: murya mai sanyi tana bayani, masana suna zaune gaban kantar littattafai. Macdonald ya yi watsi da wannan. Ya jera al'amarin sa'a bayan sa'a, agogo na tafiya, wa'adin da maharan suka bayar na ƙaratowa, kiɗa na tashi, ga muryar jarumi Michael Douglas jefi-jefi. Mai kallo ya san ƙarshen labarin amma zuciyarsa na bugawa. Sannan ya samo mutanen da suka san abin daga ciki: Hans-Dietrich Genscher, ministan cikin gidan Jamus na lokacin, da Zvi Zamir, shugaban hukumar leƙen asirin Isra'ila, da Ankie Spitzer, matar ɗaya daga cikin kociyoyin da aka kashe. Babban kamun shi ne Jamal al-Gashey, ɗaya daga cikin maharan ukun da aka saki, wanda ya yarda ya yi magana daga maɓoyarsa, an duhunta fuskarsa. Ta bakin waɗannan mutane aka ga irin sakacin da aka yi: maharba biyar aka girke don mutum takwas, ba su da rediyon magana da juna, 'yan sandan da aka ɓoye a cikin jirgi kuma suka yanke shawarar janyewa kafin maharan su iso. Fim ɗin ya kuma kawo zargin cewa da sanin gwamnatin Jamus aka shirya fashin jirgin da ya kai ga sakin mutum ukun.

Ya ci kyautar Oscar a shekarar 2000, yana ɗan shekara 32. Suka ma ya sha. Wasu sun ce ya nuna gawarwaki yana kaɗa musu kiɗa mai zafi kamar tallar fim ɗin faɗa. Wasu kuma, kuma ina ganin tasu ta fi nauyi, sun ce ya ba da labarin yini ɗaya ya bar shekarun da suka haifi yinin. Al-Gashey ya yi maganar tashinsa a sansanin 'yan gudun hijira, amma a taƙaice, sai aka koma ga agogo. Wannan shi ne kuɗin da salon ke karɓa. In kana so mai kallo ya kasa tashi daga kujera, dole ka rage duk abin da zai sa ya tsaya ya yi tunani, kuma tarihin Falasɗinu yana cikin abin da aka rage.

A Touching the Void na 2003 ne hanyarsa ta fi dacewa da labarinsa, don haka a nan ya kamata a ɗan daɗe. A 1985 wasu samari biyu 'yan Birtaniya, Joe Simpson da Simon Yates, suka hau dutsen Siula Grande na ƙasar Peru, mai tsawon mita 6,344, ta fuskar yamma da ba a taɓa kai wa ƙololuwa ta nan ba. Sun kai. A wajen saukowa Simpson ya faɗi ya karya ƙafa, ƙashin ƙwauri ya shige cikin gwiwa. A irin wannan tsawo, ba abinci ba ruwa, karaya kusan hukuncin kisa ce. Yates bai tafi ya bar shi ba. Ya ƙulla igiyoyinsu biyu, ya riƙa zura abokin nasa gangare-gangare cikin guguwar ƙanƙara, har dare ya yi. Can sai Simpson ya zarce bakin wani gefen dutse, ya koma yana lilo a sarari, ba ya iya hawa, shi kuma Yates ba ya ganinsa, ba ya jin muryarsa, nauyin yana jan sa a hankali daga inda ya kafe. Da ya ga su biyun za su tafi, sai ya ciro wuƙa ya yanke igiyar.

Simpson ya faɗa cikin wani zurfin tsagin ƙanƙara, bai mutu ba. Da ya ga ba zai iya hawowa ba, sai ya yi abin da hankali ba ya so, ya ƙara zura kansa ƙasa cikin duhu, a can ya sami wata hanya da ta fitar da shi. Ya yi kwana uku yana jan jiki a kan ƙanƙara da duwatsu, tafiyar kusan kilomita 8, ya iso sansaninsu cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin Yates da wani abokin tafiyarsu mai suna Richard Hawking su tattara su tafi. Yates har ya riga ya ƙone tufafinsa, don ya gama yanke cewa ya mutu.

Simpson ya rubuta littafi a kan wannan a 1988, kuma an daɗe ana son a mai da shi fim ɗin wasa ba a dace ba. Dalilin a fili yake. Rabin labarin mutum ɗaya ne shi kaɗai a rami, ba wanda zai yi wa magana. Jarumi zai riƙa surutu shi kaɗai ne? Babu kuma hoton ajiya, don ba wanda ya ɗauki abin yana faruwa. Maganin da Macdonald ya samo shi ne ya raba aikin biyu. Ya zaunar da Simpson da Yates da Hawking, kowa shi kaɗai, suna kallon kyamara kai tsaye suna ba da labari da bakinsu. Sannan ya ɗauki 'yan wasa biyu, Brendan Mackey da Nicholas Aaron, suka kwaikwayi abin da jiki ya sha, a tsaunukan Alps da kuma kan shi Siula Grande ɗin. 'Yan wasan kusan ba sa magana, nishi ne da ihu da karkarwa. Magana ta masu ita ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan an bar wa mai ita.

Kafin wannan fim, masu fim ɗin gaskiya da yawa suna ƙyamar kwaikwayo, suna ganin ha'inci ne ko kuma arha irin ta shirye-shiryen 'yan sanda a talabijin. Abin da ya wanke na Macdonald shi ne ba ya ruɗar kowa. Kana ganin fuskar Simpson na gaske, ka ga ta ɗan wasan, ka san wanne ne wanne. Hoton ba ya da'awar komai sai abin da bakin shaida ya riga ya faɗa. Akwai kuma abin da marubuci ba zai yi ƙarfin halin ƙagawa ba: Simpson yana cewa ya tashi a gidan Katolika, amma a cikin ramin ya duba zuciyarsa bai ga ya koma ga addu'a ba, ko Yates yana amsa cewa ya yi tunanin ƙirƙiro labarin da zai fi wanke shi in ya sauka, ko wata waƙar Boney M da ta maƙale a kan Simpson yana dab da mutuwa, ga shi ya tsane ta. Fim ɗin ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon fim ɗin Birtaniya a 2004, a gaban finafinan wasa masu manyan jarumai.

Wannan nasara ce ta buɗe masa ƙofar The Last King of Scotland na 2006, fim ɗin wasansa na farko, wanda aka ɗauko daga ƙagaggen littafin Giles Foden na 1998. Taken ya samo asali ne daga son da Idi Amin yake yi wa Sikotlan tun yana sojan mulkin mallaka a ƙarƙashin hafsoshi 'yan can, har ya riƙa kiran kansa sarkinsu. Abin da Macdonald ya kawo daga tsohuwar sana'arsa shi ne nacewa a kan wuri. An ɗauki fim ɗin a Yuganda, a titunan Kampala da asibitin Mulago da ginin majalisa, da 'yan ƙasar da yawansu sun rayu a zamanin Amin, daga 1971 zuwa 1979. Whitaker ya koyi Swahili, ya gana da 'yan uwan Amin da waɗanda suka yi aiki da shi. Abin da ya fito a fuskarsa, raha da barazana a cikin numfashi ɗaya, shi ya ba shi Oscar a 2007. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 6 ya dawo da ninkin-ba-ninkin.

To amma wa ke ba da labarin? Amin ya mutu a Jidda a 2003, ba shi da bakin magana. Sai aka bi littafin, aka sa wani matashin likita ɗan Sikotlan mai suna Nicholas Garrigan, wanda James McAvoy ya fito a matsayinsa, ya zama idon mai kallo. Garrigan bai taɓa rayuwa ba. An ɗinka shi ne daga guntayen Turawa daban-daban da suka kusanci Amin, ciki har da Bob Astles. Ƙagaggen mutum a cikin tarihi ba laifi ba ne, an saba. Inda abin ya yi tsami shi ne wajen Kay, matar Amin. Ita mutum ce ta gaske, ta mutu a 1974, an tsinci gawarta a daddatse, kuma abin da aka fi ruwaitowa shi ne ta rasu ne wajen zubar da ciki, mutumin da ake dangantawa da cikin kuma likita ne ɗan Yuganda. Fim ɗin ya ɗauke wannan likita ya sa Baturensa a gurbin, ya kuma matso da mutuwar kusa da rikicin jirgin Entebbe na 1976 don labari ya ɗaure. Mace ta gaske, mai 'ya'ya da dangi a raye, an mai da mutuwarta matakalar da ƙagaggen saurayi zai taka ya gane kurensa. Dubban ɗaruruwan 'yan Yuganda da aka kashe, waɗanda ake yawan ƙiyasta su da 300,000, yawancinsu a bayan fage suka mutu, sai a rubutun ƙarshe aka ambaci adadinsu.

Masu fim ɗin sun san da wannan rauni, shi ya sa suka sa shi a bakin wani likita ɗan ƙasa, wanda David Oyelowo ya fito a matsayinsa. Shi ne ya ceci Garrigan a filin jirgi, ya ce masa ya je ya gaya wa duniya, za a yarda da shi tunda Bature ne. Magana ce mai ɗaci kuma gaskiya ce. Sai dai faɗin ciwo ba ya warkar da shi. Likitan da ya faɗi maganar harbe shi aka yi, Baturen ya hau jirgi.

Finafinan wasan da suka biyo baya ba sa buƙatar dogon bayani. State of Play na 2009, da Russell Crowe a matsayin ɗan jarida a Washinton, aiki ne mai tsafta da aka ɗauko daga wani shirin BBC, kuma wurin da ya fi rai a cikinsa shi ne ƙarshe, inda kyamara ta bi injin buga jarida tana kallon yadda takarda ke zama labari, wato inda mai fim ɗin gaskiya ya leƙo. The Eagle na 2011 labarin sojan Rum ne a arewacin Birtaniya. How I Live Now na 2013 da Black Sea na 2014 kowanne yana da masoyansa. Ba wanda ya lalace a cikinsu, ba kuma wanda za a ce in ba Macdonald ba wani ba zai iya ba.

A daidai wannan tsakani, ɓangaren gaskiya ya ci gaba da ba shi abin da ya fi ƙarfi. A 2007 ya yi My Enemy's Enemy a kan Klaus Barbie, jami'in Nazi da ya azabtar da mutane a birnin Lyon, wanda leƙen asirin Amurka ya ɗauka aiki bayan yaƙi kafin ya ɓuya a Bolibiya. Sai kuma gwajin da ya fi kowanne ban mamaki, Life in a Day. Shi da mai shirya fim Ridley Scott da YouTube suka roƙi mutanen duniya kowa ya ɗauki abin da ya yi ranar 24 ga Yulin 2010 ya turo. Aka sami bidiyo kusan 80,000, tsawon sa'a 4,500, daga ƙasashe 192, aka tace su zuwa fim na kimanin sa'a ɗaya da rabi. Tunanin ya samo shi ne daga wani shiri na Birtaniya na 1937 da ake kira Mass Observation, inda talakawa ke rubuta yadda yininsu ya kasance, wanda ɗaya daga cikin masu kafa shi, Humphrey Jennings, Macdonald ya taɓa yin fim a kansa. A nan darakta bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, shaidu ne dubbai, aikinsa zaɓe. Amma zaɓen ma iko ne, kuma wanda ke da kyamara da intanet a 2010 shi ya fi samun shiga, duk da cewa an aika ɗaruruwan kyamarori zuwa wuraren da ba su da su. An maimaita gwajin ranar 25 ga Yulin 2020, a tsakiyar annobar korona, aka sami bidiyo sama da 300,000.

Finafinansa na mawaƙa suna da tasu matsalar, wadda duk mai wannan aiki ya sani. Ba ka isa ka sa waƙar mutum a fim ba sai da izinin masu haƙƙinta, masu haƙƙin kuwa galibi iyalansa ne. Wanda ya ba ka mabuɗin ɗaki yana iya cewa kada ka buɗe wancan akwatin. A Marley na 2012, wanda aka yi da amincewar iyalan Bob Marley, Macdonald ya fita kunya. Ya faro daga wani gidan ajiye bayi a gaɓar tekun Gana, ya bi yaron ƙauyen Nine Mile na Jamaika da aka haifa a 1945, ɗan Bature da baƙar mace, wanda bai sami cikakken wuri a kowane ɓangare ba, har zuwa wasan bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980 da mutuwarsa da ciwon daji a 1981 yana ɗan shekara 36. Matarsa Rita da 'yarsa Cedella sun yi maganar matan da ya tara da irin uban da ya kasance, ba tare da an shafa wa abin mai ba.

Whitney na 2018 ya fi wuya. Whitney Houston ta mutu a 2012, kuma kowa a cikin danginta yana da abin da yake karewa. Tsohon mijinta Bobby Brown ya zauna gaban kyamara ya ƙi taɓa maganar ƙwaya, Macdonald kuma ya bar ƙin nasa a cikin fim ɗin, wanda ya fi kowace amsa faɗin gaskiya. Daf da kammala aiki sai ɗan'uwanta Gary da wata mai yi mata hidima, Mary Jones, suka kawo zargin cewa wata 'yar'uwarsu mawaƙiya, Dee Dee Warwick, ta ci zarafin Whitney da Gary suna yara. Dee Dee ta mutu tun 2008. Mahaifiyar Whitney, Cissy Houston, da Dionne Warwick, 'yar'uwar Dee Dee, sun fito sun ƙaryata. A nan dogaro da shaida ya kai iyakarsa: wadda aka ce an yi wa ba ta da rai, wadda aka ce ta yi ba ta da rai, fim ɗin kuma ya ajiye zargin a wurin da mai kallo zai ɗauke shi a matsayin mabuɗin duk wahalar rayuwarta. Ko da zargin gaskiya ne, ginin labarin ya ba shi nauyin hukunci.

Fim ɗin wasan da ya fi kusa da gyara kuskuren na Yuganda shi ne The Mauritanian na 2021. Mohamedou Ould Slahi ɗan Muritaniya ne, injiniya da ya yi karatu a Jamus. Ya je Afganistan a farkon shekarun 1990 ya yi mubaya'a ga Alƙa'ida lokacin ana yaƙar gwamnatin kwaminisanci, ya ce ya rabu da su tun 1992. Wani ɗan'uwansa na kusa da Usama bin Ladan, kuma wannan dangantaka da wasu kiraye-kirayen waya suka sa aka sa masa ido. A Nuwamban 2001 hukumomin ƙasarsa suka tafi da shi, aka kai shi Jodan, aka wuce da shi Bagram, a Agustan 2002 ya isa Guantanamo. A 2003 aka yi masa tambayoyi na musamman da sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya amince da su: hana barci, sanyi, duka, fita da shi teku a ɗaure da ido, da barazanar za a kawo mahaifiyarsa gidan yarin. Ya amsa laifukan da daga baya ya ce ƙarya ce ya yi don a ƙyale shi. A 2010 alƙali James Robertson ya ba da umarnin a sake shi, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, bai fita ba sai Oktoban 2016. Shekara 14 ba a taɓa tuhumarsa da laifi a kotu ba. Mahaifiyar tasa ta rasu a 2013 ba su sake ganawa ba.

Bambancin wannan da labarin Amin shi ne shaidan yana raye, kuma ya riga ya rubuta nasa. Slahi ya rubuta shafi 466 da hannu a 2005, da Turancin da ya koya a tsare, aka buga a 2015 bayan gwamnati ta shafe wurare fiye da 2,500 da baƙin tawada. Macdonald bai buƙaci ƙago kowa ya tsaya a tsakiya ba. Tahar Rahim, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya wanda suka taɓa aiki tare a The Eagle, shi ya ɗauki nauyin fim ɗin, da sallarsa da barkwancinsa da firgicinsa. Duk lokacin da aka koma cikin kurkuku sai hoton ya tsuke ya zama ɗan akwati, mai kallo ma ya ji ƙuncin. A ƙarshe kuma aka nuno Slahi na gaske a gida yana dariya yana bin waƙa.

Duk da haka tsohuwar al'adar ba ta tafi gaba ɗaya ba. Kusan rabin fim ɗin na lauyoyin Amurka ne: Jodie Foster a matsayin Nancy Hollander mai kare shi, da Benedict Cumberbatch a matsayin Laftanar Kanar Stuart Couch, mai gabatar da ƙara na soja wanda abokinsa matuƙin jirgi ya mutu a harin 11 ga Satumba, amma ya ajiye shari'ar da ya gano da azaba aka samo hujjojin. Su dai waɗannan mutanen gaske ne, abin da suka yi kuma sun yi shi, don haka ba a yi wa tarihi ƙari irin na Garrigan ba. Amma lissafin kasuwa a bayyane yake: kuɗin fim yana bin sunan jarumi, sunayen da ke jawo kuɗi kuma su Foster ne. Ita ce ta ci kyautar Golden Globe. Fim ɗin ya shiga takarar BAFTA a rukuni biyar, Oscar kuwa ko ambatonsa ba ta yi ba.

Bayan wannan ya koma ga fim ɗin gaskiya. A 2024 ya fitar da One to One, a kan zaman mawaƙi John Lennon da matarsa Yoko Ono a New York a farkon shekarun 1970, wanda ya gina da faifan hirarrakinsu na waya da guntayen shirye-shiryen talabijin na lokacin, ba tare da zaunar da kowa hira ba. Kafin shi, a 2023, ya yi High & Low a kan John Galliano, mai zanen tufafin da kamfanin Dior ya kora a 2011 bayan an ɗauke shi a bidiyo, a buge, yana zagin Yahudawa a wani gidan shan shayi a Faris, kotu kuma ta same shi da laifi. Jikan Pressburger ne ke zaune yana yi masa tambayoyi. Galliano ya ɗora abin a kan giya da ƙwayoyi da nauyin aiki, ya ce ba ya tuna yawancin abin da ya faru. Macdonald ya kawo manyan masu ado da ke kare shi, ya kuma kawo ɗaya daga cikin mutanen da aka zaga, wanda har lokacin abin bai bar shi ba. Kamfanin Condé Nast, mai mujallar Vogue, wadda shugabarta ta lokacin, Anna Wintour, ta taimaka wa Galliano ya dawo sana'a, yana cikin waɗanda aka yi fim ɗin da haɗin gwiwarsu. Macdonald ya ce shi ke da maganar ƙarshe a ɗakin tacewa, masu suka kuma suka ƙirga mintunan da aka ba kwalliyar tufafi da waɗanda aka ba mutumin da aka zaga.